Mai Ba da Bayani Lamba Bakwai

A aji na uku, hawa na biyu, jami'ar Nagpur,
fanka na juyawa kamar an tilasta ta,
Farfesa Kulkarni ya rubuta a allo:
"Farfaɗowar tafarkin Buddha da gyaran al'umma."
Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.
Ya ce dubban ɗaruruwa suka sauya addini rana guda,
ku riƙe dalilai huɗu, za su fito a jarrabawa.

Na rubuta huɗun.
Amma ɗaya daga cikin dubban nan
tana gida tana tsince tsakuwa a shinkafa,
haƙoranta uku, sunanta Shevantabai,
ita ta haifi uwata.

Ran Asabar na je mata da na'urar naɗar murya.
Ƙa'idar bincike ta ce a sakaya suna,
sai na sa mata lamba bakwai.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta:
"Da can ma ba a kiran sunanmu, Pradnya,
ashe bokonku gidan jiya ya koma."

Na ce, kaka, ba ni labarin ranar.

Ta ce, "Uwata ta sayar da akuya
ta yanko mana farin yadi.
Fari fa! Mu da muka saba da kwancen mamata.
Kwana biyu muna tafe a ƙasa,
ƙanena a wuyan ubana.
Ban ji rabin abin da aka faɗa ba,
lasifika sai kuka take, ni kuwa shekarata goma sha ɗaya.
Abin da na riƙe, ƙishi ne.
Wata mata ta miƙo mini moɗa, hannu da hannu.
Ba daga sama ta tsiyayo ba
yadda ake mana a bakin rijiya,
mu tara tafi, mu duƙa, rabi ya bi gwiwar hannu.
Na sha. Ta karɓa.
Ta kafa baki inda nawa ya taɓa."

Na'ura na ta naɗar shiru.
Can waje mai lemu na ta cigiyar masu saye.

Na ce, da kuka koma ƙauye fa?
"Rijiya na nan, masu ita na nan.
Ubana ya ce ya bar jan mushen shanu har abada,
mai kanti ya ce shi ma ya bar sayar mana da gishiri.
Yunwa ba ta ji labarin mun sauya addini ba.
Wata biyar muna cin ganye.
Sai dai tun ranar, in ana magana da shi,
ido yake kallo, ba yatsun ƙafa ba."

Takardata ta dawo da jan biro a gefe:
"Batun moɗa: ina madogara?
Wane littafi, wane shafi?"
Ba mugu ba ne, shi ya nemo mini tallafin karatu,
shi ya yi faɗa da mai gidan haya
da ya ji sunan zuriyarmu ya ce ɗaki ya cika.
Abin da ba a buga ba ne bai iya gani.

Na sake rubutu a gindin shafi, da ƙananan baƙaƙe:
"Madogara tana raye.
Unguwar Indora, gida mai shuɗiyar ƙofa.
A zo da yamma, tana barcin rana."

Ya zo.
Ya tuɓe takalmi, ya rasa inda zai ajiye jaka.
Kaka ta cika kofin ƙarfe daga randa,
ta miƙa, hannunta na rawa don tsufa kawai.
Ya ɗaga shi sama da baki
yadda aka koya masa tun yana yaro,
ya tsaya.
Ruwan ya ɗiga a rigarsa.

Sannan ya sauke kofin a hankali
har ƙarfe ya taɓa leɓe.
Kaka ta ce, "Kunna abin naki, yarinya,
wannan ma ki ba shi lamba."