Kwalba Mai Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

A Tromso rana ta tafi tun Nuwamba,
ko sallahu ba ta bari ba.
Gunvor ta kunna fitila da hantsi,
ta buɗe farar kwalba,
ta jefa ƙwaya ɗaya, ta kora da baƙin kofi.

Bitamin D ne, ko garin sitaci?
Oho. Likita Eilif ma bai sani ba,
an liƙe sirrin a ambulan
don kada fata ya sa wa ma'auni hannu.

Uwarta ta zame kan ƙanƙara a bakin tashar jiragen ruwa
da kwandon kifi a hannu.
Ƙugu ya ce ƙas.
Ba ta sake taka ƙasa ba.
Abin da ya kawo Gunvor ke nan.

Shekara biyu, sau uku tana kwanciya rigingine,
na'ura na rarrafe bisa kanta,
tana auna kwatangwalo da gadon baya,
tana ƙirga ramukan da ido bai gani.

Maƙwabciyarta Oddny ta rantse tata ce ta gaske:
"Gwiwata ta koma ta budurwa!"
Eilif ya yi murmushi, bai rubuta ba.

Ranar da aka farke ambulan:
"Taki sitaci ce. Ta Oddny ma."
Gunvor ta yi dariya har da ƙwalla.
"To, me kuka gano?"
"Tazarar siririya ce kamar gashi.
Sai mun sake, da mutum dubu."

Ta ɗaura wa takalminta ƙusoshi, ta fita,
tana taku a hankali.
Can bayan dutse, rana ta leƙo da ido ɗaya.