Awon Goro

Shekara arba'in da uku ina awon goro a Agege,
tafin hannuna ne ma'aunina.
In ɗaga ƙwarya in faɗi kuɗinta ido a rufe,
na san marsa, na san minu, na san wanda tsutsa ta riga ni.
Yau ni aka shimfiɗe za a auna.

Da dare abin ya faro.
Tashi biyu, tashi huɗu, har bakwai,
buta ta haddace hanyar bayi.
In tsuguna ina jira
kamar mai jiran danfo a Oshodi ranar ruwa,
in ya zo ma ɗigo-ɗigo, irin famfon layinmu.
Alwala ta daina raka ni har sallama.
Na bar bayan liman na koma bakin ƙofa,
jama'a suka ce tawali'u ne.

Sabitu jikana ne ya gane,
shi ke wanke mini wanduna.
Bai ce uffan ba.
Sai ya yanko kati a Idi-Araba.

Suka ce sha ruwa, kada ka zubar.
Leda huɗu na shanye a kan benci,
ina matse gwiwa kamar yaro a gaban malam.
Ruwan da nake roƙo ya fita,
yau shi nake roƙo ya dakata.

Yaron sunansa Folarin, sa'an autana.
Hausarsa tana ɗingishi, amma tana isa.
Baba, ɗaga riga. Sanyi kaɗan.
Ya zuba wani abu kamar kokon da ya kwana,
ya ɗora 'yar na'ura, girman sabulu,
a ƙasan cibiya, inda kunya take da gida.
Na kafa wa fanka ido.

Ya ce a'a, duba nan.
Allo baƙi da toka-toka,
kamar ruwan Legas daga kan doguwar gada kafin asuba.
Wannan baƙin tafkin mafitsara ce, ruwanka ne a ciki.
Wannan da ke zaune a bakin hanya,
kowane namiji da nasa.
A ƙuruciya bai fi goro ɗaya ba.

Na ce minu ko marsa?

Ya yi dariya har na'urar ta goce.
Ya dasa alama nan, ya dasa can,
tsawo, faɗi, kauri,
bai taya ba, bai nemi ragi ba.
Ya ce naka ya kai uku a dunƙule,
shi ya danne bututu.

Je ka zubar, ka dawo.
Na je, na yi iyakar yina, na rantse na gama.
Allo ya ƙaryata ni:
saura cikin kofin shayi.
Ya zagaya ta kwiɓi ya leƙa ƙoda,
ya ce waɗannan ba su ji labari ba tukuna.

Na tambayi abin da ya hana ni barci fiye da fitsari:
mugun ne?
Ya goge mini ciki kafin ya amsa.
Na'ura girma take gani, Baba,
ba ta ganin niyya.
Sai an ɗebi jini, likita ya haɗa lissafi.
Yawanci dai tsufa ne ya yi ƙiba.

Likita ta rubuta ƙwaya,
ta ce bayan magariba a rage shayi, a rage goro.
Sabitu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Da isha'i na zauna a bakin ƙofata ta masallaci,
sai yau na duba dama da hagu.
Ga Nomau mai albasa. Ga Jatau direba.
Duk masu tawali'u,
kowa butarsa kusa da takalminsa.

Na ɓare goro ɗaya, ban ci ba,
na miƙa wa Nomau ɓari,
na ce jibi kana da kasuwa?
Akwai wani yaro a Idi-Araba,
ya fi ni iya awo.