Hamsin a Layin Pampo

Sahura ta dawo daga lakkwal da labari a baki:
wai a ƙasar Girka, a zamanin da,
wani tsoho na zaune can ƙarƙashin teku
da 'ya'yansa mata hamsin,
kowace da sunanta,
kowace da igiyar ruwan da take kiwo.
In jirgi ya ɓace, su ke tallabo shi zuwa gaɓa.

Na ce, hamsin? Wa ke yi musu kitso?
Ta ce, ruwa ke tsefe musu kai, Inna.

Ni 'yan ruwan da na sani, na bakin kakata ne,
masu zaman tapkin bayan Birni da damina,
suna jan ƙafar yaron da bai jin magana.
Ban taɓa jin wadda ta maido da kowa ba.

Daren nan aka ce pampon Garin Malam zai kawo.
Ƙarfe biyu muka fito,
bido a dama, bido a hagu,
duwatsun Damagaram sun durƙusa cikin duhu
kamar raƙuman da aka manta a kan rijiya.

Yarinyar ba ta gyangyaɗi.
Tana bin layi da yatsa:
Tasalla mai ƙosai, Kubura da goyonta,
matan gidan Malam Ilu su uku,
tsohuwa Gambo da tulun da ya girme ni.
Arba'in da tara, in ji ta.
Sai ta taɓa ƙirjinta.

Pampo ya yi tari.
Ya yi shiru.
Ya sake tari, ya tofo iska,
muka miƙe gaba ɗaya, zannuwa na kaɗawa.

Ta ja mini haɓar zane:
Mushe Mutari ya ce ruwan teku gishiri ne,
ba ya shayuwa.
To su me suke sha?

Ban taɓa ganin teku ba.
Amma na san zama kusa da abu
maƙogwaro na bushe.
Na ce, wataƙila su ma layi suke bi,
tsohon na gida yana jiran ruwan alwala.

Gab da assalatu ya zo, siriri kamar zaren kaɗi.
Tulun Gambo ya karkace,
hannuwa shida suka tallabo shi
kafin ɗigo ya taɓa ƙasa.

Sahura ta tara tafinta,
ta ɗanɗana,
ta ce, namu ba gishiri.