Takardar Barira

Ƙarfe bakwai ta iso likitar Jiratawa,
hannuwa cikin mayafi kamar mai ɓoyon sata.
Barira mai mai ce, kowa ya san ta,
kwalbarta ke soya ƙosan bakin tasha.

Na ce, miƙo. Ta miƙo.
Gaɓoɓin yatsu sun tasa kamar gyaɗa cikin ɓawo,
dama da hagu, babu wanda ya bar wa wani,
zoben azurfa ya nutse cikin nama.

"Majo, sanyi na. Ba ni ƙwaya in tahi,
na baro tunkuza cikin turmi."

Tun yaushe?
"Sati bakwai, ko takwas."
Da safe fa?
"Da asuba hannuwan ba nawa ba ne.
Buta da wuyan hannu nake karkata ta.
Sai hantsi ya dubi ludayi
suke tuna suna da uwargijiya."

Na kama tafinta, na matsa kaɗan,
iyakar matsin gaisuwa.
Ta ja iska ta tsakanin haƙora.

Nan Inna Kandala ta faɗo mini,
mai saƙar faifai, wadda ta goye ni.
Shekara shida tana shan ƙwayar sanyi,
an yi ƙaho, an yi tsaga, an shafa man shanu,
yatsunta suka kwanta gefe guda
kamar gero bayan guguwa.
Ranar da muka kai ta gun masanin gaɓoɓi
ya daɗe yana duban hoton ƙashi,
ya ce, ina kuke tun fari?
Ba mu da amsa. Ni na riƙa ba ta fura a baki
har Allah ya karɓi abinsa.

Ƙwayar na nan cikin aljihun tebur,
in na ba Barira za ta yi barci yau,
ta gode mini, ta dawo wata mai zuwa.
Amma ƙwayar bakin kare take rufewa,
ɓarawo na ciki yana kwasa.
Wannan ciwo gara ne:
rumbu na tsaye, ginshiƙi ya zama gari.

Na jawo takarda.
Ban ce ta jira gwajin jini ba,
jini kan yi shiru wuta na ci.
Na rubuta sati takwas, na rubuta asuba,
na rubuta hannu biyu,
na ja layi ƙarƙashin gaggawa
har biro ya huda takardar.

Laminu mijinta ya leƙo ta taga,
laka har gwiwa, daga fadama yake.
"Ɗan kumburin ga, sai babbar likita?
Kuɗin mota fa? Wa zai matse man?"
Na ce, kai mai ban-ruwa ne.
In ka ga tsaga a jikin madatsa
kana jira ta ɓalle ka kira magini?
Ya dubi ƙasa. Ya dubi hannun matarsa.
Ya ce akwai ɗan bunsuru, gobe kasuwa.

Ta kasa naɗe takardar.
Ni na naɗe, na soka mata a ɗankwali.

Na ba ta ƙwayar ma, ta kwana uku,
na ce wannan ta hanya ce, ba ta zama ba.

Damina ta wuce ban ji ɗuriyarta ba.
Na yi ta zargin bunsurun bai sayu ba.
Sai ran wata Laraba, na tarar da kwalba bisa tebur,
yaro ya ce Barira ta aiko:
ba a ce ta warke ba,
magani sau ɗaya a sati, ana duba jini,
wani watan za ta koma Maradi.

Bakin kwalbar leda ce, an ɗaure da zare.
Na yi, na yi da farce, ƙullin ya ƙi.
Sai da na sa haƙori.