Wuyana a Tashar Tawa

Cikina ba ya shiri da mota tun ina yaro.
Kafin Badagishiri na zubar da kunun asuba,
kafin Ƙonni sai ruwan ɗaci.
Shi ya sa na haɗiye ɗaya da dare,
na ƙara biyu bayan kiran assalatu.
Mai tebur ya ce ba ta da laifi,
'yar fara ce, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ina ƙirga buhunan albasata, na kai sha ɗaya,
sai wuyana ya juya hagu
kamar an kira ni.
Ba wanda ya kira ni.
Na ce ya dawo, ya ƙi.
Idanuna suka haye rufin kwano suka maƙale,
muƙamuƙi ya ɗaure,
harshe ya fito waje kamar na akuyar layya.

Abin da ban iya faɗa wa kowa ba:
ina nan ciki, ina jin komai.
Na ji mai shayi ya ce farfaɗiya ce, a kawo cokali.
Na ji wata tsohuwa ta ce ya taka wurinsu,
tana tofa mini addu'a mai ƙamshin goro.
Na ji Illa, yarona, yana kuka
yana tambayar wa zai gaya wa uwargida.
Ina so in ce aljihun dama,
miyau kawai ke zuba.

Wata mai jakar ledar shuɗi ta durƙusa,
Madam Tsahara, daga baya na ji sunan,
ungozoma ce za ta Doso biki.
Ba ta tambayi kakannina ba.
Ta ce, me ya sha?
Ta lalubo kwalin da kanta,
ta ƙirga ramuka uku, ta ja tsaki.

A asibiti allura ɗaya.
Kafin a sauke shayi na biyu
wuyan ya saki, kamar igiyar guga
da aka kwance daga gwafa.
Kalmata ta farko: albasa.
Ta tafi Yamai ba ni.

Yanzu baƙar leda nake riƙewa da lemun tsami,
in zai zo, ya zo.
Amma duk sallamar salla
nakan juya dama a hankali,
in juya hagu,
in ɗan jira
in ga ko zai dawo.