Taga a Ƙofar Ɗakin Kaya

Ran Asabar Eulalia ta aiko kirana,
ta ce, "Evaristo, taho da zartonka."
Na hau tudun Valparaíso a ƙafa,
gwiwa na kuka, teku na can ƙasa
yana lasar gindin jiragen ruwa.

Ƙofar ɗakin kaya ta nuna mini,
inda ƙungiya ke ajiye ƙwallo da igiyar tsalle
da gangunan da yara ke kaɗawa ran biki.
Ni na yi ƙofar nan da hannuna
shekara goma sha tara da suka wuce,
katako mai kauri, ko gara ba ta taɓa shi ba.
Ta ce, "Huda ta. Taga muke so,
wadda babba zai leƙa, yaro ma ya leƙa."

Sannan ta miƙo mini takarda:
duk mai taimako a gidan nan
ya kawo shaida daga hukuma
cewa bai taɓa cutar da yaro ba.
Kowa. Har ni.
Ni da na ɗaure wa rabin unguwar nan igiyar takalmi,
na koya wa ubanninsu riƙon guduma!
Na ce, "Yau kuma ni ake tuhuma?"
Ta ce, "Tawa na fara kawowa.
In muka tsallake mutum ɗaya don mun san shi,
mun tsaga bango da kanmu,
ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata."

Ban amsa ba. Na auna, na ja layi da fensir.

Ina aiki ina jin su a tsakar fili.
Uwar Amaro ta makara, ga yayyafi ya sauko,
manya biyu suka tsaya da shi a bakin ƙofa,
ba wanda ya ce, "Shigo motata in kai ka."
Rayén ta ƙi rungumar sabon mai horarwa,
ya ja da baya, ya ɗaga mata hannu,
ba a ce da ita marar kunya ba.
Ga littafi mai jan bango kan tebur:
abin da yaro ya faɗa, a rubuta shi yadda ya faɗa,
kada a gyara, kada a sa gishiri,
kada a bari ya kwana bai kai inda ya dace ba.

Zarto ya ci katako,
ƙamshin dusarsa ya shiga hancina,
sai ga ni ɗan shekara tara
a gidan koyon dambe na bayan kasuwar kifi.
Wani mutum da kowa ke yabo,
mai saya mana burodi da aljihunsa.
Ɗaki marar taga.
Ƙarar sakata.

Na gaya wa gwaggona a daren.
Tana yankan albasa, ba ta ko juyo ba,
ta ce, "Rufe bakinka, mutumin kirki ne."
Na rufe.
Shekara sittin ina yi wa mutane ƙofofi masu kauri
ban tambayi kaina dalili ba.

Guntun katakon ya faɗi ƙasa.
Haske ya shiga ya sauka kan gangunan.
Na goge gefe da takardar yashi
har ba abin da zai soki ɗan yatsa,
na sa gilashi, na buga ƙusa takwas,
hannuna na rawa, ƙusa ɗaya ta lanƙwashe.

Rayén ta zo ta manna hancinta,
numfashinta ya yi hazo a gilashin,
ta zana kifi da yatsa, ta ce, "Ina ganinka!"
Na ce, "Ni ma ina ganinki."

Ran Litinin na bi layi a ofishin hukuma,
awa biyu a tsaye, da wannan gwiwar.
Na kai wa Eulalia takardar a ninke,
na tambaye ta ko ƙofar ɗakin kiɗa
ita ma tana son zarto.