Fatoma a Cikin Na'ura

Ranar da kwamfutar Baba ta mutu
ba ta yi jinya ba.
Tari ɗaya, ƙaurin roba, sai duhu.
Wata bakwai bayan shi.

A cikinta ayar shekara goma sha ɗaya take,
buhunan Cadawa, buhunan Gazawa,
waɗanda suka bi ta Ɗan Isa suka sauka Jibiya,
da waɗanda har yau ba a biya ba.

Na naɗe ta a zane, na tsai da kabu-kabu
zuwa rumfar Habsu a Sabon Gari,
inda wayoyi ke reto kamar igiyoyin guga.
Ta farke cikin, ta zaro wani abu
bai fi sabulun wanki ba.
Ta ce, "Ƙwaƙwalwar na nan,
gangar jikin ce ta tafi."

Ta sayar mini da wata, ta hannu,
jikka arba'in da biyar.
Sai dai wannan Linuks take ji,
manhajar Baba kuwa
a gidan Windos aka binne cibiyarta,
ba ta amsa sallamar kowa sai tasu.
Habsu ta ce akwai sababbi, kyauta, sun fi kyau.
Na ce ba kyau na zo nema ba.

"To, sai mu nema mata fatoma.
Wayin sunansa."
Na ce, giya? A lissafin Alhaji Nomau?
Ta yi dariya har dalma ta ɗiga a teburi.
"Wannan ba ya sa maye."

Fatoma na sani.
Kakana ya sauki fatake a Bagalam,
baƙo ya roƙi ruwa da harshen garinsu,
tsoho ya juya ya faɗa wa cikin gida da namu,
ƙwarya ta fito.
Haka wannan.
Manhaja ta ce a buɗe mata taga,
shi ya raɗa wa masu gida,
taga ta buɗe.
Har ɗaki ya yi mata,
ya rubuta harafin ƙofar gidansu a kai
don kada ta yi kewa.
Ɗakin zana ne. Ba wanda ya gaya mata.

Karon farko ta ƙi shiga.
Na biyu, aka ɗauke wuta,
muka sha shayi, muka kori ƙuda.
Sai bayan la'asar
shuɗin allon nan ya fito,
wanda nake hangowa ta bayan kafaɗar Baba
ina ƴar makaranta, ina jiran kuɗin fanke.

Ba duka kaya suka iso lafiya ba.
Haruffa masu ƙugiya sun zama akwatuna,
Ɗan Jimo ya rasa kan sunansa,
firinta ta yi kunnen uwar shegu.
Baƙo dai baƙo ne,
ko ya iya loma da miyar gida.

Amma lambobi sun cika, ko dala ba ta zube ba.
Na gyara zama. Bashi na zo karɓa.
Ɗan Jimo, buhu tara.
Na matsa gefe, inda Baba ke ajiye ƴan maganganunsa
da yatsa ɗaya, ba waƙafi:
kada a tambaye shi kafin kaka matarsa na asibiti
Ƙasa kaɗan, wata shekarar, kalma biyu:
na yafe

Na duba na gaba. Na duba na gabansa.
Habsu ta juya baya, tana neman wani kusa
da na tabbata bai ɓata ba.

Da za ni fita ta ce
in daure in kwashe lissafin zuwa sabuwar manhaja,
fatoma ba ya riƙe baƙo har abada,
wata rana za a tashi a iske ɗakin babu kowa.

Na ce na ji.
Na ce bayan kaka.